Alkawarina a Bakin Ƙofa Yake

Ranar da Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sanyaya makwancinta, na gano cewa rabin mutanen Garwa suna yawo da fasasshiyar ƙwarya a jikinsu. Ban ƙara gishiri ba. To, na ɗan ƙara, amma ɗan kaɗan ne.

An kai ta da hantsi, tun kafin rana ta fara soya mutane. Kafin azahar tsakar gidanmu ya cika, tabarmi suka ƙare, aka aro na maƙwabta, su ma suka ƙare. Goggo, ƙanwar Baba, ta taso daga Gider tana kuka tun daga tasha, har mai babur ɗin da ya kawo ta ya kasa tafiya, ya shigo ya zauna ya yi mana gaisuwa kamar shi ma jikan gidan ne. Baba bai yi kuka a gaban jama'a ba. Gilashinsa kawai ya yi ta gogewa da bakin riga, har na ji tsoron kada ya huda shi. Inna tana ta shawagi da kofuna, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta miƙa masa ruwa. Matan Fulani suna faɗa da Fulatanci, wasu 'yan kasuwa daga Kuseri suna haɗawa da Larabci, abokan aikin Baba suna yi da Faransanci, amma maganar ɗaya ce: mace mai amana ta tafi.

Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya gama gaisuwa ba ya tashi. Sai ya ɗan gyara zama, hannunsa ya tafi aljihu, ko haɓar zane, ko ƙarƙashin hula, idonsa kuma ya saci kallon shuɗin labulen da ke ƙofar ɗakin ƙarshe. Kunya ta hana kowa magana. Amma ni na san abin da ke cikin aljihunan nan.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Jikar fatake ce da suka zo daga ƙasar Kano da goro da tufafi, suka ga kogin Binuwai suka ce nan ma ya yi. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, sunanta ba ya kan kowace takarda sai katin shaida, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan kafin ƙannena su girma su ɗauka ita tsohuwa ce kawai mai raba alewa. Aikinta ajiya ne. Tun zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Garwa da damina matafiya suke barin kayansu a wurinta, daga baya mutanen unguwa suka ɗora, har abin ya kai ko'ina. Ba ta taɓa karɓar lada ba.

Ga yadda take yi. Bayan la'asar za ta zauna a kan 'yar kujerarta a gaban labulen. Ka zo da ƙunshinka a ɗaure, ba ta tambayar abin da ke ciki. Sai ta ɗauko sakaina daga buhu, ta ɓalle ta biyu a karkace, don ta ce miƙaƙƙen ɓari kowa zai iya ƙirƙiro irinsa. Ta ba ka rabi, ta ɗaura rabi a jikin kayanka, ta shige bayan labule. Ranar da ka dawo da naka ɓarin, in baki ya haɗu da baki, kayanka ne.

Abu uku kawai ake yi a ƙofar nan. Ka ce "ajiye", ka ce "karɓa", ko ka nuna sakainarka ka tambaya ko yana nan. Na huɗu babu. Wani mutum ya taɓa zuwa yana huci, wai a gaya masa ko ƙanensa ya kawo takardar gonarsu. Kaka ta tambaye shi ina sakainarsa. Ya ce ba shi da ita. Ta ce to ita ma ba ta da amsa, amma akwai kunun gyaɗa in zai sha. Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ambaci jandarma. Daga ƙarshe ya sha kunu kofi biyu ya tafi. Ba ta karɓar ajiyar kuɗi, ba ta karɓar abin da zai ruɓe, ba ta karɓar mai rai. Wannan doka ta ƙarshe wani yaro ne ya jawo ta, da ya kawo kunkuru a cikin tsumma ya ce agogo ne.

Ni kuwa Rediyo take kirana, don a cewarta ni kaɗai ce rediyon da ba ya cin batir kuma ba a yi masa makashi ba. Ba ta yi mini ƙarya ba. In aka yi abu a gidanmu da safe, kafin in isa makarantarmu ta lise masu kifi na bakin gada sun ji.

Baffa, yayan Baba, bai samu jana'iza ba, sai washegari ya iso daga Ngawundere. Dillalin shanu ne, muryarsa ta saba da kiran mutum daga wancan ƙarshen kara, in ya yi sallama kaji sukan bar tsakar gida. Yana son Kaka, wannan kowa ya shaida. Duk wata sai ya aiko mata da zuma da doya, duk Sallah sai ya zo ya durƙusa. Amma ranar addu'ar uku, bayan an shafa, ya miƙe ya ce shi ba zai koma ya bar nauyin mutane a kan mahaifiyarsa tana kabari ba. Tunda babu wanda ya san tsarin ɗakin, ranar bakwai za a kwaso komai a baza a tsakar gida, a kwance abin da ba a gane ba, kowa ya duba ya ɗauki nasa.

Wata tsohuwa goron bakinta ya faɗo kan zanenta ba ta ma sani ba. A ɗakin nan akwai abin da mata suka ɓoye wa mazansu, da abin da maza suka ɓoye wa 'ya'yansu, da abin da mutane suka ɓoye wa kansu. Shekara sittin Kaka tana tsare da shi, za a shanya shi kamar kuɓewa a yini ɗaya. Baba ƙane ne, ba ya musu da Baffa a gaban mutane. Ya sake cire gilashi.

Ni na san abin da baza kayan mutum ɗaya kawai yake haifarwa, don na taɓa yi.

Shekara biyu da suka wuce Kaka ta tafi Gider wurin Goggo na kwana biyu. Sai maƙwabciyarmu ta shigo a guje, wai ana neman takardar haihuwar ɗanta a makaranta kafin a tashi, in ba haka ba ba zai zauna jarrabawa ba, takardar kuma tana ɗakin Kaka. Sakainarta ma ta manta inda ta sa. Ni kuma ranar da ta kawo ajiyar na leƙa ta ƙasan labule, na ga Kaka ta sa ƙunshin a tukunya ta uku daga ƙofa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta zo wurin wadda ta sani. Na haura ta taga, na yage zane a ƙusa, na lalubi tukunya ta uku a cikin duhu, na fito ina taƙama kamar wadda ta ceto yaro daga bakin dorina.

Abin da ban sani ba shi ne, gara ta shiga ɗakin a watan da ya gabata, Kaka ta sauya wa komai wuri.

Maƙwabciya ta kwance ƙunshin a ƙofar gida, a gaban masu ɗiban ruwa. Babu takardar haihuwa. Hoto ne na wani saurayi da gashi kamar kwandon auduga, da wando mai faɗin ƙafa kamar siket, ya rungume jita yana lumshe ido. Da an tsaya nan da sauƙi, amma kunnuwan suka tona asiri. Kunnuwa irin waɗannan mutum ɗaya ne yake da su a duk unguwarmu: Alhaji mai goro, wanda in ya ji kiɗa a wayar yaro sai ya bi shi da sanda har bakin titi. Kafin magariba labari ya ƙetare gada. Ba zan ce ni na kai shi ba. Ba zan kuma ce ban taimaka ba.

Mun yi dariya kwana biyu. A rana ta uku na lura Alhaji bai fito rumfarsa ba. Mako guda bai fito ba, masallaci ma sai ya bari an tayar ya shiga sahun ƙarshe. Kaka ta dawo ta ji labari. Ta fiddo wa maƙwabciya takardarta bayan ta nemo sakainarta, ta ɗauki mayafi ta ce in biyo ta. A zauren Alhaji na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaka, da gwiwoyinta masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta durƙusa a gaban mutumin da ta girma da shekara goma, ta ce ta ci amanarsa, ya yafe mata. Ba ta ce jikarta ce ta yi ba. Na so ƙasa ta tsage.

A hanyar dawowa na fara kare kaina, na ce ai taimako na yi, kuma da idona na ga tukunya ta uku. Ta tsaya a ƙarƙashin dalbejiya ta dube ni.

Ta ce, "Na yi wa wani alkawarin tukunya ta uku ne? Alkawarina a bakin ƙofa yake. In karɓa, in mayar, in ce yana nan. Inda na sa shi a ciki, wannan tsakanina da gara ne."

Ba ta dake ni ba. Abin da ta yi ya fi duka. Ta daina kirana Rediyo, ta koma kirana da sunana na yanka, cikakke, a hankali, kamar ma'aikacin asibiti yana kiran layi. Kwana ashirin da uku, na ƙirga.

A cikin kwanakin nan ne Mesye, malaminmu na kwamfuta, ya rubuta a allo da Faransanci: type abstrait de données. Ajin ya yi nishi. Ɗakin kwamfutarmu inji goma ne, shida ke tashi, mu uku-uku a kan kowanne, fanka kuma tana juya zafi ne kawai daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce akwai ma'ajiyar bayanai da ake saninta da abin da take yi, ba da yadda aka gina ta ba. Ya ba mu misali da tari, kamar faranti a kan faranti: za ka iya ɗora ɗaya a sama, za ka iya ɗauke na sama, za ka iya tambaya ko tarin ya ƙare. Alkawarinsa ɗaya ne, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗaukewa. Ya ce ya riga ya gina mana tarin, mu rubuta manhajar da za ta juya haruffan kalma daga baya zuwa gaba, amma da waɗannan ayyuka uku kawai.

Kun san hali. Na buɗe abin da Mesye ya gina na leƙa, na ga ashe gurabe ne masu lamba a jere, na ɗaya, na biyu, na uku. Na ce me zai sa in tsaya ɗorawa da ɗaukewa kamar mai wanke-wanke? Na zura hannu kai tsaye ina ɗebo haruffa da lambar gurbinsu. Ya yi aiki. Na gama kafin kowa, na zagaya ajin ina yi wa mutane jaje.

Mako na gaba Mesye ya shigo yana murmushin mugunta, ya ce ya sauya cikin tarin. Yanzu babu gurabe masu lamba, sarƙa ce, kowane harafi yana riƙe da wanda ke ƙarƙashinsa. Ya ce kowa ya tayar da aikinsa. Na kowa ya tashi, har na yaron da ke barci a bayan aji, don su ta ƙofa suka bi, ƙofa kuwa ba ta sauya ba. Nawa ya mutu murus, ya cika allon da jan rubutu kamar an yanka kaza. Huɗu bisa ashirin. Na ɗaga hannu na ce ai zalunci ne, makon jiya da idona na ga gurbi na uku. Mesye ya tambaye ni da Faransanci wa ya yi mini alkawarin gurbi na uku.

Sai na tuna maganar Kaka. Mutum ya yi kuskure ɗaya sau biyu a wata guda, ɗaya da ƙwarya ɗaya da kwamfuta, ai sai ni.

Da na dawo gida na zauna a ƙasa kusa da kujerarta, na ba ta labari tun daga faranti har jan rubutu. Na ce mata Mesye ya ce irin nata ma yana da suna a littafi, ma'ajiya ce da ake sa abu da mabuɗi a ɗauko shi da mabuɗi, sakaina ita ce mabuɗin. Ya ce amfanin ɓoye ciki biyu ne: na waje ba ya ɓata abin da bai sani ba, na ciki kuma yana da 'yancin gyara ɗakinsa duk ranar da ya ga dama. Kaka ta saurara tana ɓare gyaɗa. Ta tambaya ko Mesyen nan ya taɓa riƙe wa mutane ajiya. Na ce ban sani ba. Ta ce to ko bai taɓa ba an yi masa tarbiyya, in kai masa gyaɗa. Sannan ta yi dariya har da tari, ta ce, "Huɗu bisa ashirin. Rediyo, ko gara ta fi ki maki." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Daga nan ta fara ba ni labarin cikin ɗakin, ba abin da ke cikin ƙunshi ba, yadda take jera su. Ashe sau biyar ta sauya tsari ba wanda ya sani. Da farko a tukwane take sawa bi da bi, in an zo karɓa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da rufi ya yi yoyo ta ɗaure su a doguwar igiya ta rataye a azara, kowane ƙunshi yana riƙe da na bayansa, sai ta bi igiyar tun daga farko kafin ta kai ga wanda take nema. Na ce mata ai sarƙar Mesye ke nan. Ta ce Mesye ne ya yi sarƙarta. Ta ce a lokacin abin da kawai na waje suka lura da shi shi ne tana daɗewa, shi ya sa ta fara ajiye kunu a ƙofa. Da kaya suka yi tsibi kamar dutsen Mindif sai ta bar kaɗan a tukwane, ta raba sauran a akwatunan ƙarfe, tana ƙona ɗan tabo a bayan kowace sakaina kafin ta ɓalle ta, ɗigo ɗaya akwati na fari, ɗigo biyu na biyu. Masu sakaina sun ɗauka ado ne.

Sauyi na shida kuwa ni ce.

Bara idonta ya fara hazo, yatsunta suka daina jin bakin sakaina. Wata rana bayan la'asar ta kira ni ta ƙofar ciki, wadda ta haɗa ɗakin kwananta da ɗakin ajiya, ta zaunar da ni a bayan labule. Ta ce daga yau in an ba ta sakaina za ta shigo ta miƙo mini, in nemo, in gwada baki da baki, in ba ta, ta fita da shi. Ba zan kwance komai ba, ba zan shinshina ba, ba zan girgiza in ji ƙara ba. Kuma ba wanda zai san ina ciki, ko Inna, wadda ta ɗauka tausa nake yi wa Kaka kullum. Na tambaye ta me ya sa ni, alhali ta san bakina. Ta ce wanda ya taɓa ganin ta durƙusa a zauren Alhaji ba sai an yi masa wa'azi ba.

Shekara guda ina bayan labulen nan. Ku da ba ku san ni ba ba za ku gane girman wannan ba. Na ji muryoyin da na sani suna cewa "ajiye" cikin rawar murya, na haɗiye. Wani lokaci labari yakan taso mini har maƙogwaro sai in ciji filo. Na rame. Inna ta ce tsutsar ciki ce, ta ba ni magani sau biyu.

Saura mako uku ta rasu ta sa na ɗauko wani ɗan ƙunshi daga ƙasan akwati na fari, bai fi tafin hannu ba, an naɗe shi da tsohon yadi. Sannan ta kwance haɓar zanenta ta fiddo ɓarin sakaina da ya yi baƙi don tsufa. Ta ce na Baffa ne. Ya kawo ajiyar yana saurayi, ranar da zai tafi Ngawundere neman sana'a. Bayan shekaru ya dawo da babbar riga da mota, ya nufi labule kai tsaye. Ta tare shi ta ce ina sakaina. Tana aljihunsa, amma ya fiddo ta ya jefar a gabanta, ya ce shi ɗanta ne ba baƙo ba. Ta ce a tsakar gida ɗanta ne, a bakin ƙofar nan kowa mai sakaina ne. Ya juya ya tafi. Ta tsince ta. Fiye da shekara talatin ba wanda ya sake tayar da maganar a cikinsu, shi yana aiko da zuma, ita tana sa masa albarka.

Ta ce, "In na tafi kada ki ba shi kayan. Sakainar za ki ba shi. Ya zagayo ta ƙofa kamar kowa."

To kun ga abin da na sani ranar addu'ar uku, lokacin da Baffa ya ce a baza komai. Ban san ko nauyin mutane ne ya dame shi ba, ko ɗan ƙunshin nan ne da ba shi da hanyar karɓa. Wataƙila duka biyun. Na gaya wa Inna a ɗaki cewa na san tsarin, ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Na gaya wa Baba, ya ce in yi wa Allah in bar shi da abin da ke damunsa. Saura kwana huɗu.

Washegari da rana tsaka, lokacin da zafi ya kwantar da masu zaman makoki, na ga Baffa shi kaɗai a inuwar dalbejiya yana jan carbi. Na dama fura na kai masa, na durƙusa. Na ce Baffa ina da magana. Na ce a bar ni in zauna a ƙofar Kaka bayan la'asar, kowa ya kawo sakainarsa, ba sai an kwance kayan kowa ba.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ke? Rediyo ce za ta riƙe asirin gari?"

Na ce, "Baffa, shekara guda ni ce a bayan labule. Ka ji a rediyo?"

Na ajiye baƙin ɓarin nan a kan tabarma kusa da kwanon fura, na ce Kaka ta ce in ba shi, ta ce ya yar da shi ta tsince masa. Carbin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon abin bai taɓa ba. Na tashi na gudu kafin muryar nan ta fito, amma ba ta fito ba.

Bayan la'asar na ɗauko 'yar kujerar na zauna a gaban labule. Ba wanda ya ba ni izini, ba wanda ya hana ni. Mutane suna kallona ina kallonsu, har na fara tunanin in tashi in ce wasa nake yi. Sai ga Alhaji mai goro ya taso da sandarsa. Ashe bayan abin da ya faru ya sake kawo ajiyarsa wurin Kaka. Ya zauna, ya buɗe tafin hannu, ya riƙe sakainar bai sake ta ba.

Ya ce, "Yau ma tukunya ta uku za ki lalubo mini?"

Na ce, "Alhaji, inda yake tsakanina da gara ne."

Ya saki. Na shiga, na duba ɗigo, na buɗe akwati, baki ya haɗu da baki. Na fito na faɗi abin da Kaka ke faɗa: kayanka ne? Ya ce nasa ne. Na ce mun rabu lafiya. Da ya miƙe sai layi ya kafu a bayansa har zaure. Kwana uku ina yi. Wasu sun karɓa suna kuka, wasu sun cusa a riga sun fice kamar ana bin su, wata ta nuna sakainarta kawai ta ji yana nan ta ce a bar shi tukuna. Baffa yana zaune a inuwarsa yana kallo, bai ce a ci gaba ba, bai ce a daina ba.

Ranar bakwai aka yi addu'a aka shafa. Kowa ya saci kallon Baffa. Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, na ce shi ke nan, yanzu zai ce a kwaso. Sai ya taka ya wuce tsakar gida, ya je ƙarshen layi ya tsaya a bayan wata mai sayar da kifi. Ta juyo ta gan shi ta ce ya wuce gaba. Ya girgiza kai. Mutum bakwai ya jira.

Da aka zo kansa ya zauna a kan tabarmar baƙi, shi da girmansa duka, har sai da na sunkuyar da kai don in ga fuskarsa. Ya buɗe hannu. A hankali ya ce, "Karɓa." Ban taɓa sanin muryar nan tana da ƙaramin gurbi ba.

Na shiga bayan labule na gwada. Ɓari ɗaya ya kwana fiye da shekara talatin a akwati, ɗaya a haɓar zanen Kaka, amma suka haɗu kamar jiya aka ɓalle su. Na tsaya na share fuskata da labulen, na fito. Na ce kayanka ne? Ya gyaɗa kai. Ya riƙe ƙunshin da hannu biyu, ya kai shi hancinsa, ƙamshin ɗakin Kaka ne a jiki. Goggo ta fara sabon kuka, Baba kuma wannan karon bai cire gilashi ba, ya bar hawayen suka bi ta ƙarƙashi.

Na san kuna so ku ji abin da ke ciki. Ni ma. Bai kwance ba. Ya daɗe a zaune, layi yana jira, sannan ya miƙo mini shi.

Ya ce, "Ajiye."

Na ce Baffa ai mai ajiyar ta tafi. Ya ce shi bai ga ƙofa ta sauya ba.

Na jawo buhun Kaka na zaro sakaina. Ban taɓa ɓallewa da kaina ba, sai da na sa gwiwa, ta ɓalle a karkace kamar yadda take so. Na ba shi rabi. Ya duba gaba ya duba baya, ya sa a aljihun ƙirji, ya danna da tafin hannu.

Allah ya jiƙan Kaka, ya karɓi ajiyarta kamar yadda ta karɓi ta mutane, ya mayar mata da ita cikakkiya ranar da baki zai haɗu da baki. Ni kuma ku taya ni addu'a, don bayan la'asar ina ƙofa, kuma har yanzu ba a yi mini makashi ba.